Ƙashin Da Ba Shi Da Takarda: Sharhi Kan Yadda Ake Nuna Mana Dainoson Nijar

Idan wata rana ƙafa ta kai ka Benis, birnin nan na Italiya da aka gina a kan ruwa, ka shiga gidan tarihin halittu na garin, za ka tarar da wani ƙwarangwal da ya haura mita 6 a tsaye cikin zaure. Ƙasusuwan bayansa sun miƙe sama a jere kamar dirkokin shinge. Sunansa Ouranosaurus nigeriensis, wani dainoso mai cin ganye da ya rayu kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce. Daga ƙarshen sunan ma za ka canki ƙasarsu: Nijar. An haƙo shi a Gadufawa, cikin hamadar Tenere, kudu maso gabas da Agadas. Tun 1975 yake tsaye a wurin.

Ga abin da ya sa na ɗauko zancensa. A rubuce, ƙwarangwal biyu masu kusan cika aka san an samu na wannan dabba. To na Benis ɗin, shi ne na biyun, ko kuwa wani na uku ne da ba a taɓa ba da rahotonsa ba? Shekara 42 yana tsaye, baƙi na shiga suna ɗaga kai suna mamaki, amma babu rubutun kimiyya da ya fito fili ya amsa wannan tambaya. Sai a 2017 aka warware ta, kuma abin da ya taimaka wajen warwarewar wata tsohuwar taswira ce da aka zana a filin haƙa, wadda ba a taɓa wallafawa ba.

A kan wannan sharhin nawa ya tsaya. Gidajen tarihi, finafinan kimiyya da labaran gwanjo sun koya mana mu riƙa auna taskar duwatsu da girman abin da ke cikinta ko ƙyallinsa. Ni kuwa ina ganin darajar taska tana cikin 'yar takardar da ke biye da kowane dutse. Kuma muddin ba mu gane haka ba, ko ranar da za a dawo mana da kayanmu, rabi za mu karɓa mu yi godiya.

Me ke sa ƙashi ya yi magana?

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiya ana haƙa ta ya san ƙasa hawa-hawa take. Baƙar ƙasa a sama, sai ja, sai marmara, sai yumɓu, can ƙasa kuma yashi mai ruwa. Mai haƙar rijiya, idan ka miƙa masa ƙasar da aka zubo daga guga, zai iya gaya maka gaba nawa aka kai. Wannan shi ne tushen kimiyyar shimfiɗun dutse: in dai ba wani abu ya birkita su ba, ta ƙasa ta girmi ta sama.

Burbushin halitta kuwa, ƙashi ne ko haƙori ko ɓawo da laka ko yashi ya binne da wuri kafin ya ruɓe. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi ta ratsa shi yana ajiye ma'adinai a cikin ƙofofinsa, har ya yi nauyi ya koma dutse. A lokacin da Ouranosaurus ke raye, Gadufawa ƙasar koguna ce mai dausayi, shi ya sa ake samun ƙasusuwan kifaye, kunkuru da dangin kada tare da nasa.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke kuskure. Suna zaton ana saka ƙashin dainoso a na'ura ta faɗi shekarunsa. Awon kabon da ka saba ji ba ya wuce kimanin shekara dubu 50, alhali dainoso sun ƙare tun shekara miliyan 66 da suka wuce, in ka cire tsuntsaye waɗanda jikokinsu ne. Saboda haka shekarun ƙashi daga shimfiɗar da aka same shi ake sanin su: ko dai a sami tokar aman wuta kusa da ita a auna, ko a gwada sauran halittun da ke cikinta da na wasu wuraren da aka riga aka san shekarunsu. Ka ga ke nan, da zarar an ɗauke ƙashi daga makwancinsa ba a rubuta komai ba, an raba shi da shekarunsa. An raba shi da maƙwabtansa, da irin ƙasar da ya mutu a ciki, da yadda ya kwanta. Ya zama kamar shaidar da ta zo gaban alƙali, aka tambaye ta ina take tsaye lokacin da abin ya faru, ta ce ta manta.

Shi ya sa darasin farko da ake koya wa ɗalibin kimiyyar duwatsu a fili ba ya da daɗi ko kaɗan: rubuta lamba a jikin dutse, rubuta lambar a jaka, rubuta ta a littafin fili tare da wuri, rana, shimfiɗa da sunan wanda ya ɗauka. Aiki ne mai gundura, amma shi ke raba taska da tarin tsakuwa.

Abin da taswira ta tona a Benis

Masu neman yuraniyom na Faransa ne suka fara jawo hankalin masana zuwa Gadufawa. Daga 1965 zuwa 1972 wani Bafaranshe, Philippe Taquet, ya yi ta zuwa wurin da tawagoginsa. A 1966 aka haƙo ƙwarangwal na farko, a 1976 ya raɗa wa dabbar suna, inda ya aro kalmar da Abzinawa ke kiran damon hamada da ita. Wannan na farkon shi ne samfurin asali. Ka ɗauke shi kamar mudun sarkin kasuwa da ake gwada sauran mudaye da shi: duk wanda ya sami wani ƙashi ya ce na Ouranosaurus ne, da wannan za a gwada. Bayan an gama nazarinsa a Paris an yi kwafinsa, an mayar da shi Yamai, gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama. Wannan abin a yaba ne, domin a wancan zamanin ba kasafai ake mayarwa ba.

Na biyun an gan shi a 1970, an kwashe shi a 1972. Daga nan labarinsa ya yi hazo, har sai da Filippo Bertozzo da abokan aikinsa biyu suka bi ƙasusuwan Benis ɗaya bayan ɗaya suna gwadawa da taswirar filin. Sakamakon da suka wallafa a 2017 ya nuna cewa lallai shi ne na biyun. Sai dai ƙashin cinyar hagu da wasu ƙananan ƙasusuwa kwafi ne na filasta. Ƙashin cinyar dama, ƙashin ƙaurin dama, gaɓoɓi biyu na baya da wasu sassan ƙugu kuwa, alamu sun nuna daga jikin wata dabbar ko wasu dabbobin aka aro su aka cike.

Kar ka yi saurin cewa an yi damfara. Cike giɓi da kwafi ko da ƙashin ɗan'uwa tsohuwar al'ada ce a gidajen tarihi na duniya, domin da wuya a sami ƙwarangwal cikakke, kuma ba wanda zai biya kuɗin ƙofa ya kalli dabba mai ƙafa uku. Kuma a yi adalci, tsayuwar wannan ƙwarangwal ta sa ɗimbin mutane sun san Afirka ma tana da nata dainoson. Inda nake ganin laifi shi ne an ɗauki shekaru arba'in ba a rubuta wanne ne wanne ba a inda masana za su gani. Ka yi tunanin ɗalibin da ya zo da abin awo ya auna cinya ya gwada da tsawon baya, yana son ya san yadda dabbar ke tafiya. Ashe cinyar wani ya auna, da bayan wani. Lissafinsa daidai, amsarsa shirme.

Ka kuma lura da abin da ya ceci lamarin: takarda ce da wani ya zana a cikin rana da ƙura, ya ajiye. Da ta ɓata, da tabbatar da asalin ƙwarangwal ɗin ya zama jan aiki. Amma sau nawa ka shiga gidan tarihi ka ga an kafe irin wannan taswira a gefen ƙwarangwal, an haska ta da fitila kamar yadda aka haska shi?

Ba girin-girin ba, ta yi mai

Matsala ta biyu ita ce son girma. A 2001 kamfanin National Geographic ya fitar da fim mai suna SuperCroc a kan Sarcosuchus imperator, wani ɗan'uwan kada na Gadufawa da France de Broin da Taquet suka raɗa wa suna tun 1966. Tawagar Paul Sereno na Jami'ar Shikago ta samo ƙarin ƙasusuwansa a 1997 da 2000. Ƙoƙon kansa kaɗai ya haura mita ɗaya da rabi. A lokacin an ƙiyasta tsawonsa mita 11 zuwa 12, nauyinsa wajen tan 8. Lambobin nan su suka zagaye duniya.

Amma ta yaya aka samo su, tunda ba a sami cikakken jikinsa ba? An auna kan, aka gwada da yadda kai ke daidaita da jiki a kadojin yau. A 2019 wasu masana suka sake lissafi ta amfani da faɗin kai, suka samu mita 9 zuwa 9 da rabi, nauyi kuma kusan rabin na da. Wannan ba abin kunya ba ne ga kowa, haka kimiyya ke tafiya. Abin da nake suka shi ne salon nunin da ke ba ka lamba ɗaya ƙatuwa kamar an sa tef an auna, ba ya gaya maka ƙiyasi ce, ba ya nuna maka daga ina aka ƙiyasto. Mai kallo ya tashi da mamaki, bai tashi da sanin yadda ake sanin abu ba. Sunan fim ɗin ma ya ɓoye wani abu: Sarcosuchus ba kada ba ne na ainihi, wani reshe ne na danginsu da ya ƙare.

Ga wani misali da ya fi wannan nuna nauyin shimfiɗa. Jobaria tiguidensis, ƙaton dainoso mai dogon wuya da aka haƙo a yankin Ingal, an ba shi suna a 1999, aka ce ya rayu shekara miliyan 130 da wani abu da suka wuce. A 2009 Oliver Rauhut da Adriana López-Arbarello suka sake duba tsarin shimfiɗun wurin da sauran halittun da ke cikinsu, suka ce a'a, ya haura miliyan 160. Ƙashin bai sauya ba ko da ƙwayar zarra. Abin da ya sauya shi ne fahimtar dutsen da ke kewaye da shi, kuma da wannan aka matsar da dabbar baya da kusan shekara miliyan 30. Da can ana kallonta a matsayin tsohon yayi da ya daɗe bayan 'yan'uwansa sun shuɗe, yanzu ta zama 'yar zamaninta. Da a kasuwa aka tsinci ƙasusuwan ba a san daga ina suke ba, wa zai iya wannan gyara?

Haka abin yake a ɓangaren ma'adinai. Shiga kowane zauren nuni, abin da za a sa maka a gaba shi ne kiristal masu fuskoki kamar an sassaƙa, shunayya da kore da ruwan zuma, fitila na dukansu. Suna da kyau, ba musu, kuma fuskokin nan darasi ne: ƙwayoyin zarra ne suka jeru bisa tsari ɗaya mai maimaita kansa, tsarin ya fito har waje. Amma kiristal ɗin da ya fi kowanne ba mu labarin farkon duniya wani ɗan ƙwayar zirkon ne daga tsaunukan Jack Hills na yammacin Ostireliya, wanda bai kai rabin milimita ba. Lokacin da zirkon ke tsirowa yana karɓar yuraniyom a jikinsa, yana ƙin dalma. Yuraniyom kuma a hankali yake rikiɗa ya koma dalma, bisa saurin da aka sani. Don haka dalmar da ka samu a ciki daga baya ta taru, kuma yawanta agogo ne. Da wannan aka gano ƙwayar ta kai shekara biliyan 4.4. Idan aka ajiye maka ita a tafin hannu, hure ta za ka yi kana zaton ƙura ce.

Lokacin da kasuwa ta shigo

Wani zai ce, to mene ne illar son girma da ƙyalli, tunda shi ke jawo mutane? Illar tana bayyana ne idan kuɗi suka shigo. A 2020 an sayar da ƙwarangwal ɗin Tyrannosaurus da ake kira Stan a kan dala miliyan 31.8. A Yulin 2024 aka sayar da wani Stegosaurus da ake kira Apex a kan dala miliyan 44.6. Gidajen tarihi kaɗan ne za su iya shiga irin wannan ciniki. Kuma labarin ba ya tsayawa a Amurka. Yana isa kunnen duk mai haƙa a ko'ina, da saƙo ɗaya: babban ƙashi mai kyau shi ne kuɗi. Wanda ya ji haka ba zai ɓata kwana uku yana zana taswira ba. Zai fasa dutse ya zare haƙori da kai, ya bar ƙananan ƙasusuwa, ya tattake 'yan kifayen da su ne za su faɗi shekarun wurin.

Abin ya riga ya iso gida. A Nuwamban 2023 aka tsinci wani dutse mai nauyin kusan kilo 25 a yankin Agadas, wanda bincike ya nuna daga duniyar Mas ya faɗo. A Yulin 2025 kamfanin Sotheby's ya yi gwanjonsa a Amurka a kan dala miliyan 5.3. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita, ta kuma dakatar da fitar da duwatsu masu daraja da irin waɗannan duwatsun sama. Duba sunan da aka ba shi: NWA 16788. Haruffan na nufin Arewa maso Yammacin Afirka, laƙabin da galibi ake bai wa duwatsun sama da suka biyo ta hannun 'yan kasuwa daga Sahara. Yanki mai ƙasashe da yawa ya zama adireshi ɗaya, sai lamba.

Gwada shi da Zagami, dutsen Mas mai kimanin kilo 18 da ya faɗo a ƙasar Katsina ranar 3 ga Oktoba, 1962. An ga faɗowarsa, an san ranar, an san wurin, shi ya sa yake ɗauke da sunan garin har yau. Sanin ranar faɗuwa na da amfani ga mai bincike, domin ya san dutsen bai daɗe yana shan ruwa da iskar duniyarmu ba. A 1995 masana suka ba da rahoton samun iskar da ta maƙale a cikinsa, wadda ta dace da iskar Mas da kumbon Viking ya auna a 1976. Duk inda gutsuren Zagami ya je, labarinsa na biye da shi.

Ina kayan suke, kuma me za mu nema?

Yanzu bari mu zo kan tambayar da na san tana cin ka. Ouranosaurus na biyu yana Italiya. Spinophorosaurus, da aka bayyana a 2009, an kwashe ɗaya zuwa Sifaniya, ɗaya zuwa Jamus. Goronyosaurus, dabbar teku mai kama da ƙadangare da aka raɗa wa sunan Goronyo a 1972, wadda ke shaida cewa teku ya taɓa rufe ƙasar Sakkwato, masanan Italiya ne suka haƙo mafi cikar ƙasusuwanta suka kai Fulorans. Abubuwan da tawagar Sereno ta haƙo, irin su Suchomimus da Nigersaurus mai haƙora sama da 500, suna ɗauke da lambar gidan tarihin Nijar, wato a takarda na Nijar ne, amma da yawansu sun shafe shekaru a Shikago ana tsaftacewa ana nazari. Sereno ya kafa gidauniyar NigerHeritage da shirin gina gidajen tarihi a Yamai da Agadas domin mayar da su. Niyya ce mai kyau, kuma ranar da aka buɗe ƙofa za a auna ta.

Wani bincike da Nussaibah Raja da abokan aikinta suka wallafa ya nuna cewa kashi 97 cikin 100 na bayanan burbushin halittu da ke babban rumbun bayanai na wannan fanni, masu bincike daga ƙasashe masu arziki ko masu matsakaicin arziki na sama ne suka samar da su. Ma'ana, ƙasa tamu, labari nasu. Ko inda masananmu suka yi aiki, sunansu ba ya tafiya nesa. Boubé Gado na cikin mutum huɗu da suka rubuta takardar Sarcosuchus ta 2001. Oumarou Ide da Abdoulaye Maga na cikin marubutan takardar Nigersaurus ta 2007. Ka taɓa jin sunayen nan? Balle Abzinawan da suka san hamadar, waɗanda sau da yawa su ke kai baƙi har kan ƙashin.

Hujjar da aka saba kawowa ita ce kayan sun fi samun tsaro a Turai. Tarihi bai goyi bayan wannan gaba ɗaya ba. Ƙasusuwan Spinosaurus na asali, da aka haƙo a Masar a 1912 aka kai Munik, sun ƙone ƙurmus a Afrilun 1944 lokacin da jiragen yaƙin Birtaniya suka yi wa birnin ruwan bama-bamai. Abin da ya rage shi ne bayani da zanen da Ernst Stromer ya wallafa a 1915, da wasu hotuna. Da su masana ke aiki har yau. Ka ga takarda ta rayu bayan ƙashi ya mutu karo na biyu.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A Satumban 2018 gobara ta cinye gidan tarihi na ƙasar Brazil a Rio, mai ɗauke da abubuwa kusan miliyan 20, bayan shekaru ana kukan rashin kuɗin gyara. Mu ma nan ba sai an kai mu nesa ba. Na san wani sashen koyar da kimiyyar duwatsu da ke da akwatuna cike da samfura masu kyau na kuza, na tantalait, na ɓawon halittun teku, waɗanda gara ta cinye takardunsu, malamin da ya san inda aka ɗebo su kuma ya yi ritaya da sanin a kansa. Yanzu amfaninsu ɗaya: a miƙa wa ɗan aji ɗaya ya ce mene ne wannan. Babu Bature ko ɗaya da ya yi mana wannan ɓarnar.

Amma Brazil ɗin nan dai ita ta nuna cewa ana iya dawo da kaya. A Disambar 2020 aka bayyana wani ƙaramin dainoso mai suna Ubirajara da ke ajiye a Jamus. Masanan Brazil suka tashi tsaye, suka nuna dokar ƙasarsu ta 1942 da ta ce burbushin halittu mallakar ƙasa ne, suka tambayi takardun fitarsa. Mujallar ta janye rubutun, a Yunin 2023 kuma aka mayar da shi gida. Da me suka yi nasara? Da doka a rubuce, da masana 'yan ƙasa da suka san abin da suke nema, da gidan tarihin da zai karɓa.

Saboda haka idan ana zancen a dawo mana da dainosonmu, ni ina goyon baya, amma jerin buƙatun ya fi haka tsawo. A dawo da ƙashi tare da littattafan fili, taswirori, hotunan haƙa da kundin lambobi. A ba da hotunan na'urar leƙa cikin ƙashi, irin waɗanda aka yi amfani da su wajen sake haɗa kan Nigersaurus, wanda ƙasusuwansa suka yi siririn da haske ke ratsa wasu. A horar da masu tsaftace ƙashi da masu kula da kundi, a kuma sa albashinsu a kasafi. Ɗakin ajiya mara yoyo, da kwafin kundi a wuri fiye da ɗaya, sun fi ƙaton zaure mai gilashi muhimmanci, ko da yake ba su da daɗin yanke kirtani a gaban 'yan jarida.

Naka aikin, mai karatu

Ba sai kana da digiri ba. Duk ranar da ka shiga gidan tarihi, a Yamai ne ko a Jos ko a ƙasar waje, bayan ka gama kallon ƙaton abin da ke tsakiya, sunkuya ka karanta 'yar takardar. Daga ina aka samo shi? A wace shimfiɗa? Wa ya samo, yaushe? Wane ɓangare ne na gaske, wanne ne kwafi? Idan ba a rubuta ba, ka tambayi ma'aikacin wurin cikin ladabi. Akwai gidajen tarihi da ke kafe zanen ƙwarangwal su shafa wa ƙasusuwan gaske launi dabam, kuma ba wani kuɗi ne mai yawa ba. Idan masu tambaya suka yi yawa, saura ma za su yi.

Idan kuma kai ne ka ci karo da wani abu, a gona ko a bakin kwari, a Wurno ko Goronyo ko Ingal, wani haƙori ko gaɓar baya mai nauyin dutse, kar ka yi saurin tumɓuke shi. Ɗauki hotonsa a inda yake kwance, ka ajiye biro ko tsabar kuɗi a gefensa don a gane girmansa. Ɗauki hoton wurin daga nesa, a ga bangon kwarin da shimfiɗunsa. Wayarka na iya ba ka lambobin wurin, ka rubuta su tare da ranar. Sannan ka sanar da sashen kimiyyar duwatsu na jami'a mafi kusa ko gidan tarihi. Minti goma ne aikin, kuma da shi ka yi abin da aka shafe shekara 42 ana jira a Benis.